Hoto Na Biyu

Gwaggo ce ta laƙaba mata Lallaɓa tun ba ta isa shiga makaranta ba, sunan kuma ya bi ta har ya danne na yanka. Yarinya ce mai ɗaukar kofin roba da hannu biyu. In za ta rufe ƙofa sai ka rantse akwai mara lafiya a ɗakin. Tana tsoron tsawa, tana tsoron kyankyaso, tana tsoron a aike ta gidan da ba ta sani ba, in kuwa aka kira ta da ƙarfi sai ta fara ba da haƙuri tun kafin ta ji laifinta. Gwaggo, ƙanwar babanta da ta rene ta, takan ce da tsoro na da kasuwa da tuni sun tashi daga gidan haya.

Abu biyu suka fi komai razana ta. Na farko hoton mahaifiyarta da ke rataye a falo. Umma ta rasu Lallaɓa tana ƙanƙanuwa, ba ta riƙe muryarta ba, ba ta riƙe ƙamshinta ba, hoton nan kaɗai ta sani. Mace ce zaune a kujera, baya a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, leɓe a tsuke, ido a kafe kamar ta kama ka da hannu a tukunya. Duk inda ka tsaya a falon kai take kallo. Lallaɓa ta girma da yaƙinin cewa uwarta mace ce mai zafi, kuma da tana raye da ba ta gamsu da irin 'yar da ta haifa ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. In za ta ratsa falon sai ta sunkuyar da kai.

Na biyu walƙiyar kyamara, abin kunya ga 'yar mai hoto. Shagon Baba na bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Akwai labule mai zanen lambun da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba, da kujerar katako mai hannu, da fitilu biyu masu laima, da mataji ɗaure da zare a jikin madubi don kar a wuce da shi. In ta kai masa abinci ta tarar da mutane, sai ta raɓe a bayan ƙofa ta runtse ido tun kafin ya ce a shirya. Takan ji ƙarar farko, sai shiru, sai Baba ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, sai ƙara ta biyu. Sau da yawa takan ji dariya a tsakani, ta ɗauka ita ake yi wa. Ta taɓa tambayarsa me ya sa kullum sau biyu yake ɗauka. Yana goge gilashin kyamara ya ce, "Ko da an ƙifta." Ta karɓa a haka.

Da zamani ya juya aka daina wanke fim, Baba bai yi jayayya da shi ba. Ya nemi kyamarar zamani da wata tsohuwar kwamfuta, ya zauna wata da watanni yana kwafe tsofaffin fim ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a wani baƙin faifan ajiya da bai wuce tafin hannu ba. Rumbu yake kiransa. Allah ya so shi, don ba a daɗe ba rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, fim ɗin suka manne da juna suka ruɓe. Tun daga nan aikin rayuwarsa duka ya koma cikin Rumbu, babu shi a wani wuri kuma.

A kan kwamfutar shagon Lallaɓa ta gamu da abin da ya sace zuciyarta. Wata rana tana taya Baba rubuta sunan wata makaranta a ƙasan hoton ɗalibai, hannunta ya goce ta share layin gaba ɗaya. Nan take ta fara ba da haƙuri. Baba ya miƙo yatsu biyu ya danna, layin ya dawo. Ta sake sharewa da gangan, ta danna, ya sake dawowa. A duniyar da ta sani, kofi in ya fashe ya fashe, uwa in ta mutu ta mutu. Ashe akwai wurin da ake cewa a koma baya kuma a koma. Ranar ta san abin da za ta karanta.

"Ke da ko ashana ba kya iya ƙyastawa, inji za ki je ki koya?" in ji Gwaggo.

Baba ya ce a ƙyale ta.

Jami'a ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna mata ta yi gaggawar murna. Ɗakin kwamfutoci dogo ne, fankokinsa sun fi yawa a tsaye, ɗalibai sun ninka injinan, sai mutum uku su haɗa kai a kan allo ɗaya. Mai kula da ɗakin, wani dattijo mai ɗingishi, ya tara su ranar farko.

"Duk abin da kuka ɓata a nan ana gyarawa," in ji shi. "Abu ɗaya na hana. Kar wanda ya zare waya daga jikin faifai yana cikin aiki. Kamar ka fizge cokali ne daga bakin mai cin abinci, haƙori na iya biyowa."

Ajin ya yi dariya. Lallaɓa ba ta yi ba, ta dai adana maganar a inda take adana sauran abubuwan tsoronta.

Karatun nasu koyon rubuta manhaja ne, wato jera wa inji umarni layi-layi har ya yi abin da kake so. Inji kuwa ba shi da kara. Waƙafi ɗaya in ya ɓace sai allo ya cika da jan rubutu. Sauran ɗalibai su ja tsaki su gyara, ita kuwa gumi ya karyo mata kamar an kira ta ofishin 'yan sanda. A jarrabawar takarda ta fi kowa, don takarda ba ta mayar da magana. Kowane aiki sai ta yi masa kwafi, ta yi wa kwafin kwafi: akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshen gaske", akwai "na ƙarshe wallahi". 'Yan ajinsu na tsokanarta, amma duk wanda nasa ya ɓace wurinta yake zuwa da murya mai laushi.

A shekara ta biyu aka koya musu cewa gogewa iri biyu ce. Akwai mai kai abu kwandon shara inda za ka iya tsamo shi, akwai wadda ba ta bi ta kwando. Lallaɓa ta fita daga darasin jikinta a sanyaye, kamar wadda aminiya ta ci amanarta. A shekarar dai aka sa ta tsaya gaban aji ta yi bayanin wani aiki. Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Malamin ya jira, ya duba agogo, ya ce ta zauna. Tun daga ranar ta san abin da ke jiranta a ƙarshen hanya, domin ba a ba kowa digiri a sashen sai ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa na kammalawa, da bakinsa.

Da shekarar ƙarshe ta zo, aikin da ta zaɓa daga gida ya fito. Rumbu ya cika maƙil, Baba na ta ƙorafin ba shi da inda zai zuba sabon aiki. To tunda kowane hoto sau biyu aka ɗauka, rabin abin da ke ciki maimaici ne. Ta ce za ta rubuta manhajar da za ta gano hotuna biyu masu kama da juna, ta riƙe mai kyau, ta kawar da ɗayan. Mai kyau kuma ta fayyace wa injin shi sarai: wanda ya fi fita tar babu dishi-dishi, wanda idon mutum ya fi buɗewa.

Ta so ta kwafe Rumbu duka ta yi gwaji a kan kwafin, amma kwamfutarta ba ta da cikin da zai ɗauka. Shi ma Rumbu ya tsufa, in aka daɗe ana jansa sai ya ɗau zafi ya fara ƙas-ƙas kamar tsoho mai tari. Sai ta kwashi jakar hotunan fasfo kaɗai. Sauran jakunkunan ko leƙawa ba ta yi ba, ba ta saba buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba. A kan hotunan fasfo manhajar ta yi aiki kamar aljani. Fuska biyu a murtuke, ɗaya ta ƙifta, ɗaya ba ta ƙifta ba, kuma ba ta taɓa kuskuren zaɓi ba.

Malamin da ke duba aikinta, Dakta, mutum ne mai sauri. A tsaye yake cin abinci, yana gama karanta shafi kafin ka gama miƙa masa. Ba mugu ba ne, amma bai san tsoro ba, irinsu kuwa suna ɗauka tsoro wani nau'in lalaci ne.

"Wannan jakar ta mece ce?" ya tambaya yana nuna allo da biro.

"Ta jira ce, Dakta. In manhajar ta zaɓi wanda za ta goge, sai ta ajiye shi nan tukuna, ko da..."

"Ko da me? Kin ce wuri kike nema wa babanki. Kin share ɗaki kin tara sharar a bayan ƙofa, kin yi shara ke nan?" Ya gangara ƙasa. "Ga wannan kuma, 'Ka tabbata?' a kan kowane hoto. Mai hotuna dubbai zai zauna yana amsa miki har ya yi furfura? Manhaja kika rubuta ko 'yarki kika haifa? Cire su."

Ta cire jakar jira. Ta cire tambayar. Tana cirewa tana jin kamar tana kwance birkin mota. Abu ɗaya ta bari: kafin manhajar ta goge hoto, za ta nuna su biyun a allo, wanda za a riƙe a hagu, wanda za a goge a dama, ta ɗan ja numfashi, sannan ta goge. Ta ce wa Dakta don masu kallo su gani ne. Rabin gaskiyar ke nan.

"Ki zo da faifan babanki ranar," in ji shi a bakin ƙofa. "Su ga ba tatsuniya kike ba. Ba wanda zai taɓa shi."

Baba da kansa ya naɗe Rumbu a ƙyallen goge gilashi, ya sa mata a jaka. Ya riga ya gaya wa tela da mai agogo cewa 'yarsa za ta nuna wa manyan malamai aikinsa. "Ki kula da shi," ya ce, sai kuma ya yi dariya. "Ji ni, wai Lallaɓa nake ce wa ta kula."

Ranar kare aikin, ɗalibai sun cika baranda cikin kayan aro, kowa na motsa baki shi kaɗai. Labari ya zaga cewa baƙuwar Farfesar da aka gayyato daga wata jami'a ta riga ta kayar da mutum biyu tun safe. Da aka kira Lallaɓa, da kyar ta kai gaban teburin. Malamai na jere, Dakta a gefe, a tsakiya wata 'yar ƙaramar mace mai tabarau a ƙarshen hanci. An haɗa majigi yana haska farin bango. Ta ajiye Rumbu cikin ƙyallensa a gefen kwamfutarta.

Ta yi bayani. Muryar ta fito siririya, amma ta fito. Ta kunna manhajar a kan hotunan fasfo, fuskoki suka yi ta wucewa a bango, na dama na ɓacewa. Har ta fara jin ƙafarta a ƙasa.

"Hoton fasfo kowa ya iya," in ji Farfesa, ba tare da ɗaga murya ba. "Haske ɗaya, labule ɗaya. Wancan da ke cikin ƙyalle fa?"

"Na babana ne, ranki ya daɗe. Ainihin hotunan."

"Madalla. Mu gani a kansa."

Lallaɓa ta ce Rumbu ba shi da kwafi. Ta tabbata ta faɗa, ta ji leɓenta ya motsa, amma abin da ya fito bai kai ƙarar fanka ba. Ta dubi Dakta, wanda ya ce ba mai taɓawa. Ya ɗaga mata gira, ya juya yatsa alamar ta yi sauri. Shekara huɗu na karatu suna kan teburin nan, da kuɗin motar da Gwaggo ke ƙullo mata, da alfaharin Baba. Kuma ai maimaici ne kawai za a goge, ita ta rubuta, ta gwada ba adadi. Haka ta gaya wa kanta. Gaskiyar ita ce ta fi tsoron idon mutanen nan fiye da komai a lokacin. Ta warware ƙyallen, ta haɗa wayar, ta danna.

Rumbu ya yi gurnani. Manhajar ta fara da jakar farko, wadda Baba ya sa wa suna "Na kusa".

Tela ne ya fara bayyana, sau biyu, kowanne ya kai tsayin ƙofa. A hagu ya ƙame da tef a wuya kamar soja. A dama ya karkata, baki buɗe, ido ya zama zare don dariya. Numfashi ɗaya, na dama ya ɓace. Sai mai agogo, a hagu ya rufe baki don ɓoye giɓinsa, a dama giɓin a waje, hannu a kan ciki. Ya ɓace. Wata tsohuwa da jikanta a cinya. Wasu ango da amarya, a dama amaryar ta kifa kai a kafaɗarsa. Gwaggo da ƙuruciyarta. Duk na hagu sun fita tar, ido a buɗe. Duk na dama sun ɗan girgiza, ido a lumshe, kuma duk dariya suke.

"Yana aiki fa," wani malami ya ce. Dakta ya gyara zama.

Sai a lokacin Lallaɓa ta gane. Mai dariya ba ya tsayawa cak, mai dariya idonsa ba ya buɗewa. Ita da hannunta ta koya wa injin ya farauci dariya ya kashe. Ta san ya kamata ta tsayar, amma wajen cire tambayar nan ta cire har da hanyar tsayarwa. Mutane na ta ɓacewa a bango, tana kallo.

Sai ga hoton falo. A hagu, matar da ta sani, leɓe a tsuke, ido a kafe. A dama kujerar ce, zanen ne, amma matar ta jefa kai baya, ɗankwali ya zame, haƙoranta duka a waje, hannu ɗaya ya sauka gefen kujera. Lallaɓa ba ta taɓa ganin wannan matar ba.

Ba ta san lokacin da hannunta ya tafi ba. Ta fizge wayar daga jikin Rumbu.

Ya yi wata ƙara, ƙas, ya yi shiru. Jan rubutu ya cika bangon.

"Kin san abin da kika yi wa faifan nan?" in ji Farfesa.

"Na sani, ranki ya daɗe."

"To me ya sa?"

"Ba daidai take zaɓa ba." Muryar na rawa, amma har baranda aka ji ta. "Ba maimaici ba ne. Dariya take gogewa. Ni na ce mata ta riƙe mai buɗaɗɗen ido. Kuskurena ne tun daga tushe."

Farfesa ta cire tabarau. "Akwai kwafin hotunan nan a wani wuri?"

"Babu."

"Kuma kika bari na sa ki?"

"Na faɗa, ranki ya daɗe. Muryar ce ba ta fito ba."

Dakta ya sami abin kallo a kan teburinsa. Farfesa ta daɗe tana duban ƙyallen, sannan ta ce ba ta da ikon wuce aikin da mai shi da bakinta ta ce ba daidai ba ne. Ta gyara, ta dawo zama na gaba. Ma'ana 'yan ajinta za su sa rigar kammalawa babu ita.

Wannan ko a jikinta a lokacin. A cikin motar haya ta rungume Rumbu a cinya. Da ɗuminsa ta fito, tana ji yana hucewa a hannunta, hucewar nan kuma ta fi komai tayar mata da hankali. Tambaya biyu ke cin ta. Ta fizge kafin numfashin manhajar ya ƙare, ko bayan ya ƙare? In ma ta riga shi, Rumbu zai sake tashi? Kwamfutarta na cikin jaka, tana iya haɗawa ta gani nan take. Ta kasa.

Ta tarar da Baba yana ɗaukar wani direba mai ƙaton gashin baki. Ta tsaya a bayan ƙofa inda ta saba, amma tsoron da ke cikinta ya yi yawa har ta manta ta rufe ido. Walƙiya ta haska. "An gama," in ji Baba, ya sauke kyamara zuwa ƙirji. Direban ya saki kafaɗa. Baba ya ce ƙasa-ƙasa, "Gashin bakin nan, shi ma kana yi masa lasisi?" Mutumin ya tuntsire, walƙiya ta sake haskawa.

Da ya fita, ta durƙusa ta gaya wa Baba komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya jawo kujerar katako ya zauna kamar wanda ƙafafunsa suka gaji.

"Na farko na mai shi ne," ya ce a hankali. "Ya kai ofis, ko ya rataye a ɗaki. Na biyu ajiya ce. Ranar da mutum ya rasu, iyalinsa sukan zo neman hoto. Shi nake ba su."

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"In aka sani ba za a yi dariyar gaske ba. Ke kuma ido kike rufewa." Ya dubi Rumbu. "Kin ce kin ga na Ummanki?"

"Na gani."

"Yana nan?"

"Ban sani ba, Baba."

Ta miƙa masa wayar Rumbu. Ya girgiza kai. "Ke kika karanta abin. Ke za ki sa."

Sau uku bakin wayar na gocewa kafin ya shiga. Rumbu ya yi shiru. Sai ƙas. Shiru. Ƙas. A waje keken tela na ta sukuwa kamar ba abin da ya faru. Lallaɓa ta ji numfashin Baba a bayanta, ta gane shi ma tsoro yake ji, abin da ba ta taɓa sanin yana yi ba. Can sai gurnanin ya kama, ya miƙe, jakunkuna suka fito. Ta buɗe "Na kusa". Ta gangara ta wuce tela shi kaɗai, mai agogo shi kaɗai, Gwaggo ita kaɗai. Da ta iso kan Umma, biyu ne.

Ta buɗe na biyun ya cika allo. Baba ya juya kai gefe, sannan ya dawo da shi da kyar.

"Tun da ta rasu ban iya kallonsa ba," in ji shi. "Na ba kowa nasa, na kasa ba kaina."

"Me ka ce mata ta yi wannan dariyar?"

"Ban ce komai ba. Dubi ƙasan kujera."

Ta matso da fuska. A can ƙasa, inda hoton ya yi dishi-dishi, akwai wani ɗan dunƙulallen abu tsakanin ƙafafun kujera, da ƙaramin hannu da ya damƙe gefen zanen Umma.

"Walƙiyar farko ce ta koro ki, kika rarrafa kika shige nan. Ta ce, 'Wannan 'yar tawa ce, ni ma haka nake.' Tsoron kyamara take, shi ya sa ta ƙame a na farkon. Hannun nan da ta sauke, kanki take nema."

Lallaɓa ta yi kukan da ba ta yi ba a gaban malamai, ta daɗe tana yi. Baba bai hana ta ba.

Ba a tashi lafiya lau ba, kar a yi ƙarya. Ta kwashe watannin jiran tana ƙoƙarin tono waɗanda aka goge, bayan ta fara kwafe Rumbu kaɗan-kaɗan zuwa sabon faifai, tana ba shi hutu in ya yi zafi. Wasu sun dawo lafiya. Wasu ba su dawo ba sam. Wasu sun dawo rabi, sama hoto, ƙasa toka. Kafin ta koma gaban malamai mai agogo ya kwanta ciwo ya rasu, babban ɗansa ya shigo shagon neman hoto. Baba ya dubi Lallaɓa ya koma bayan labule. Ita ta yi bayani da bakinta, ta nuna masa biyun: na farko cikakke, baki a rufe, na biyu daga hanci zuwa ƙasa toka, giɓin da dariyar sun tafi, sai idanu biyu da suka zama zare. Mutumin ya daɗe yana kallo. Ya ce a wanke masa mai tokar.

A zama na gaba ta kawo manhajar da ba ta goge komai da kanta. Tana haɗa masu kama, ta nuna, ta tambaya, kuma jakar jira ta koma wurinta. Dakta ya duba bai ce a cire ba. Muryarta ta yi rawa daga farko har ƙarshe, gumi ya jiƙa mata baya, aka ba ta digirinta. Yanzu tana aiki a wani ofis inda take kula da ajiyar bayanai, kuma har yau in za ta goge abu sai ta tashi ta zaga ta dawo. Tsoron bai bar ta ba.

Ranar da ta karɓo rigar kammalawa, Baba ya zaunar da ita a kujerar katako, Gwaggo na gyara mata hula tana mita. Ya ce a shirya. Walƙiya ta haska, ta runtse ido kamar kullum.

"An gama," in ji Baba.

Ta san dabarar sarai, ta tsuke baki tana jira. Bai ce komai ba. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kujerar, kamar mai neman wani.

Na biyun ne ke falo yanzu, kusa da na biyun Umma. Dukansu sun ɗan yi dishi-dishi.